Kwana Biyu a Kurmi Ba Ya Hana Zarto Aiki

Game da masaukan hutu na dazuzzukan Kuros Riba, da alƙawarin da ake haɗawa da kuɗin ɗaki

Da zarar ruwan sama ya fara ɗaukewa a kudu, wajajen watan Nuwamba, tallace-tallacen hutun ƙarshen mako kan cika wayoyin ma'aikatan Abuja da Legas. Hoton kusan iri ɗaya ne kullum: ɗakin katako a gindin itatuwan da ido ba ya kai ƙarshensu, gado da gidan sauro fari fat, hazo kwance a kan tsauni, da gadar igiya da aka rataya tsakanin rassa. A ƙasan hoton akan sa farashi, sannan a ƙara da wata magana wadda ita ce ainihin hajar da ake tallatawa, wai duk wanda ya je ya kwana ya sa hannu a ceton dajin. Ɗakin gaskiya ne, gadon da hazon ma haka. Maganar ƙarshen ce ba ta da tushe, kuma ta daɗe tana yi wa kurmin Nijeriya illa, domin ta ba gwamnoni abin fakewa, ta ba masu hali kwanciyar rai a kan farashi mai sauƙi, ta kuma kau da ido daga mutanen da suka riƙe dajin da guminsu.

Bahaushe ba baƙon kurmi ba ne. Tun kafin a san jirgin ƙasa fatake suke kora jakuna zuwa Gwanja domin goro, ɗan itacen da ba ya yi sai a ƙasa mai inuwa da ruwa, har ta kai duk wanda ya nufi kudu ake cewa ya tafi kurmi. Abin da ya canza shi ne kurmin kansa. Yawancinsa ya zama gona da gari, kuma kaso mafi girma na abin da ya rage a Nijeriya yana jihar Kuros Riba ne, a kan iyakar Kamaru. Kalaba kan sami ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, alhali Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba. A 1991 gwamnatin tarayya ta kafa babban gandun daji na Kuros Riba, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 4,000, a sassa biyu: Oban a kudu, Okwangwo a arewa. Kusa da Okwangwo, a ƙasar Boki, akwai tsaunukan Afi da na Mbe. A nan ne ake samun giwar kurmi, da birin nan mai baƙar fuska da ake kira diril, da cimfanzi, da wani goggon biri da babu irinsa a ko'ina a duniya sai a wannan yanki da makwabcinsa na Kamaru.

A ɗauki ma'aikacin banki daga Abuja wanda ya ga tallar ya biya, ya nufi ɓangaren Boki. Ranar Juma'a da yamma zai hau jirgi zuwa Kalaba ya kwana a otal. Asabar da asuba zai kama hanyar Ikom, tafiyar wajen awa huɗu idan hanya ta yi kyau, daga can ya ɗauki hanyar Obudu, sannan ya ratse ta jar hanya wadda ruwan dare ɗaya ya isa ya mai da ita ta babur kawai. Zai isa masauki rana ta karkata. Kafin azahar ɗin Lahadi dole ya juya, domin Litinin akwai aiki. Abin da ya saya da sunan ƙarshen mako a kurmi bai cika awa 24 a ƙarƙashin itatuwa ba. Ba za a raina waɗannan awoyi ba. Wanda ya tashi a ƙasar da kuka da gawo ke tsaye ɗai-ɗai, ya kwana inda dare ke da ƙara kamar kasuwa, ya farka ya ga rana ta fito amma haskenta bai taɓa ƙasa ba, ya ga abin da zai daɗe yana ba 'ya'yansa labari. Idan ya dace da lokaci, zai ga tsattsewar da ke gudo wa hunturun Turai tana rufe sama da yamma a kusa da Boje, inda take kwana cikin doguwar ciyawa. Wannan duk ribarsa ce. Tambayar ita ce me dajin ya samu.

Tun daga dabbar da ke kan tallar ake fara ruɗin. Goggon birin Kuros Riba, wanda wani masani Bajamushe, Paul Matschie, ya fara bayyana wa masu ilimin dabbobi a 1904, ana ƙiyasta bai wuce 300 ba a duniya, kuma a warwatse yake cikin ƙananan garke a kan tsaunuka masu wuyar hawa. Ya rayu ne saboda ya koyi gudun mutum. Masu binciken da suka shafe shekaru a dajin galibi sheƙar kwanansa da kashinsa suke gani. A 2020, lokacin da ƙungiyar WCS mai kare namun daji ta fitar da hotunan wani garke da jarirai a tsaunin Mbe, labarin ya zagaya duniya, kuma kyamarar da aka ɗaure a jikin itace ce ta ɗauka, babu mutum a wurin. Saboda haka baƙon kwana ɗaya ba zai gan shi ba, kuma alheri ne da bai gan shi ba, domin goggon birin da ya saba da mutum a dajin da har yanzu mafarauta ke shiga ya saba da ajalinsa ke nan, ban da cututtukan numfashi da mutum ke iya shafa masa.

Sai lissafin kuɗi, inda maganar ceton daji ke faɗuwa warwas. Kaso mafi tsoka na abin da baƙon ya kashe ya tafi ga kamfanin jirgi, da otal ɗin Kalaba, da mai motar haya, da gidan mai, da dillalin da ya shirya tafiyar daga ofishinsa a birni. Abin da ke sauka a ƙauyen bakin daji shi ne albashin mai dafa abinci, da ladan ɗan jagora, da kuɗin ayaba da doya, da ɗan abin da aka ba ɗan acaɓa. Wannan ma sai a 'yan watannin rani, kuma sai makon da aka yi baƙi. A gefe guda ga koko. Kuros Riba na sahun gaba a jihohin da ke noma shi, kuma Ikom da Etung da Boki su ne cibiyarsa, wato daidai bakin dajin da ake magana. A 2024 farashin tan ɗaya na koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000, abin da ba a taɓa gani ba, bayan noman Gana da Kwaddibuwa ya faɗi. Manomin Boki mai 'ya'ya a makaranta, wanda gonarsa ta yi iyaka da daji, ba ya buƙatar wani ya yi masa wannan lissafi. Koko na son sabuwar ƙasar kurmi, kuma dillalinsa na zuwa har ƙofar gida da kuɗi a hannu. Wanda ya ce wa manomin nan ya bar gatari saboda wata Asabar baƙi uku za su zo su sayi ayabarsa, raina masa hankali ya yi.

Ban da koko akwai katako, akwai kwakwar manja. Itacen loko ɗaya da ya shekara ɗari yana tsaye, samari uku da injin zarto kan mai da shi falankai a cikin daji a kwana biyu, su fito da su a ka ko ta rafi zuwa bakin hanya. A wajajen 2012 kamfanin Wilmar na Singafo ya karɓi tsofaffin gonakin kwakwar manja na gwamnati a Calaro da Ibiae da Biase, dubban hekta a lokaci guda. Waɗannan su ne masu ja da dajin, kuma kowannensu na biya kowane wata. Masauki mai ɗakuna shida ko goma ba ya cikin ajinsu.

Da a ce maganar ta tsaya a bakin dillalan tafiye-tafiye, da da sauƙi. Gwamnati ce ta ɗauke ta ta mai da ita manufa. Babu jihar da ta zuba wa yawon buɗe ido dukiya da buri kamar Kuros Riba a zamanin Donald Duke, daga 1999 zuwa 2007. Ya gyara tsohon gidan kiwon shanu na Obudu da Turawa suka kafa a 1951, ya kafa masa motar igiya mai tsawon kusan kilomita 4 a 2005, ya fara gasar tseren hawan tsauni mai kyautar dala 50,000, ya ƙirƙiri bikin Kalaba na watan Disamba, ya gina Tinapa, katafariyar kasuwa da wurin shaƙatawa da aka buɗe a 2007 kan ɗaruruwan miliyoyin daloli. A yi masa adalci: a zamaninsa ne aka ayyana tsaunin Afi a matsayin mafakar namun daji, a shekarar 2000, kuma bikin Kalaba na nan da ransa. Amma Tinapa ta zama kango mai fenti, har hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagara biya ta ɗauki bashinta, motar igiyar Obudu kuwa ta shafe shekaru a tsaye tana tsatsa. Abin lura a nan ya wuce almubazzaranci. Kuɗin ya tafi ne ga abin da baƙo zai hau ya ɗauki hoto, wanda gwamna zai yanke wa kyalle. Takalmin mai gadin daji, da albashinsa a kan lokaci, da shata iyakar gandu, da shari'ar wanda aka kama da tirelar katako, babu ɗaya daga cikinsu da ake kiran 'yan jarida a buɗe.

Magajinsa, Liyel Imoke, ya bi wata hanya. A 2008 ya haramta sare itace a faɗin jihar, ya kafa rundunar kama masu yi, ya kuma shigar da jihar cikin shirin Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira REDD, wanda manufarsa ita ce ƙasashe masu arziki su biya masu daji domin su bar itatuwansu a tsaye su ci gaba da shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya. Niyyar ta yi kyau. Sai dai ƙauyukan da a da suke karɓar kasonsu na harajin katakon da aka sare a dajinsu sun wayi gari babu wannan kaso, kuɗin da aka yi musu alƙawari a madadinsa kuma ya ƙare a taruka da rahotanni. Zarto bai daina ba, dare kawai ya koma, ribar kuma ta koma aljihun wanda ya san jami'in da zai gani a shingen hanya. A 2023 Gwamna Bassey Otu ya ɗage haramcin bayan shekara 15.

Tsakanin waɗannan biyun ne aka yi abin da ya kamata ya rufe bakin duk mai cewa sunan jiha a fagen yawon buɗe ido kariya ce ga dajinta. A Oktoban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin da Gwamna Ben Ayade ya kira babbar hanya: kilomita 260, layi shida, daga gaɓar teku a Bakassi zuwa iyakar Binuwai. A Janairun 2016 gwamnatin jihar ta buga sanarwar ƙwace haƙƙin mallakar ƙasa na kilomita 10 a kowane gefen hanyar. Hanya, komai girmanta, 'yan mitoci take ci. Faɗin kilomita 20 a tsawon jiha guda kuwa daji ne ake nufi, da katakon da ke cikinsa, da ƙauyuka fiye da 180. Wannan ya faru ne a jihar da ta shekara goma sha biyar tana tallata kanta da kurmi da goggon biri, jihar da ke da gadojin igiya da masaukai da allunan maraba da baƙi. Duk wannan bai sa alƙalamin ya yi jinkiri ba.

Waɗanda suka tare katafilolin mutanen Ekuri ne. Ƙauyuka biyu ne a ƙaramar hukumar Akamkpa, Tsohuwar Ekuri da Sabuwar Ekuri, masu dajin gado mai faɗin hekta 33,600 a gefen gandun Oban. Labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa. Shekaru da dama ba su da hanyar mota. Mara lafiya a kafaɗa ake fito da shi. Kamfanonin katako sun sha zuwa musu da tayin da ya ci ƙauyuka da yawa a yankin: a ba mu dajin, mu yi muku hanya. Suka ƙi. A 1992 suka kafa ƙungiyarsu ta kula da dajin, suka sa haraji a kan kayan da ake fitarwa daga cikinsa, irin su ƙwallon ogbono da ganyen afang, suka tsara inda za a yi noma da inda ba za a taɓa ba, suka fasa hanyarsu da hannunsu, kaɗan-kaɗan, har da ƙananan gadoji. A 2004 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo ta Equator. Da katafilolin Ayade suka iso a 2016, mata da maza suka fito suka tsaya. Ƙungiyoyin cikin gida da na waje suka mara musu baya, aka tara sa hannun mutum sama da 250,000, ma'aikatar muhalli ta tarayya ta riƙe amincewarta, kuma a Fabrairun 2017 gwamnatin jihar ta janye ƙwacen kilomita 20 ɗin. Hanyar ba ta kammalu ba har Ayade ya sauka. Dalilin Ekuri na tsayawa bai da alaƙa da baƙin ƙarshen mako. Dajin nasu ne, daga shi suke ci, kuma suna da tsarin da ya tabbatar musu cewa abin da suka bari yau su za su same shi gobe.

Haka abin yake a Mbe, inda aka ɗauki hotunan jariran goggon birin nan. Tsaunin ba ya cikin gandun gwamnati. Ƙauyuka tara da ke kewaye da shi ne suka haɗu suka kafa ƙungiyar kare shi, kuma masu gadin da ke sintiri a ciki, suna kwance tarkon waya suna rusa bukkokin mafarauta, 'ya'yan ƙauyukan ne, wasunsu ma tsofaffin mafarauta. Albashinsu daga tallafin ƙungiyoyin kare namun daji yake fitowa. Aiki ne na kwana da kwanaki a cikin ruwa da laka, wanda babu mai tallata shi domin ba ya kyau a hoto.

Masu kare manufar yawon buɗe ido suna da misalai biyu da ba sa gajiya da kawowa, kuma ya dace a saurare su. Na farko Ruwanda. Gaskiya ne, a can kuɗin baƙi ya riƙe goggon birin tsaunuka, wanda yawansa a Ruwanda da Yuganda da Kwango ya haura 1,000. Amma a dubi yadda aka yi. Tun 2017 takardar izinin ganinsu dala 1,500 ce ga mutum ɗaya, na awa ɗaya, kuma mutum takwas kawai ake bari su ziyarci garke guda a rana. Kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun ana mayar wa ƙauyukan kewaye. Dabbobin an shafe shekaru ana saba musu da mutum a ƙarƙashin tsaro mai tsanani, da likitocin dabbobi, da masu bin sawunsu kullum, a ƙaramin wuri da ke 'yan awoyi daga filin jirgin Kigali a kan kwalta. Wato hukuma mai ƙarfi ce ta fara kare dajin, sannan ta sayar da ganinsa da tsada. Wanda ya kwaikwayi masaukin ya bar tsaron da rabon kuɗin, ya yi wanka da gari ne yana jiran ƙoshi.

Na biyu Kosta Rika, ƙasar da ake kira uwar wannan sana'a. Dajinta ya ragu zuwa kusan rubu'in ƙasar a shekarun 1980, yau kuwa ya haura rabi. Sai dai abin da ya juya lamarin doka ce da haraji. Dokar daji ta 1996 ta hana mai da kurmi gona, ta kuma kafa tsarin biyan mai fili kuɗi kowace shekara a kan kowace hekta da ya bari a tsaye, daga harajin man fetur. Faɗuwar kasuwar naman shanu ma ta taimaka, domin makiyaya da yawa sun bar filayensu daji ya koma. Baƙi sun zo sun tarar da daji ne saboda an biya manomi ya bar shi. A Kuros Riba an hana manomi, an yi masa alƙawari, ba a biya shi ba.

Akwai kuma abin da hoton tallar ke ɓoyewa da gangan. Ba a taɓa ganin ƙauye a cikinsa ba. Ana sayar wa baƙo daji ne da babu kowa, kamar yau aka halicce shi, alhali babu kurmin Afirka da ba shi da masu shi. A 1991, shekarar da aka kafa gandun Kuros Riba, Yuganda ma ta mai da dajin Bwindi gandun ƙasa, ta fitar da 'yan ƙabilar Batwa da suka rayu a cikinsa tun kaka da kakanni, ba tare da ba su wata ƙasa ba. Sai a 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta amince an zalunce su. A yau wasunsu rawa suke yi wa baƙin da suka zo ganin goggon biri. A Nijeriya kuwa an bar ƙauyukan Okwangwo da Okwa a tsakiyar gandu, doka ta kewaye su ta ko'ina: ba faɗaɗa gona, ba farauta, hanyar mota kuma ta zama abin jayayya domin za ta ratsa gandun. An yi maganar sake musu matsuguni, aka yi maganar ayyukan raya ƙauyukan bakin gandu. A ɓangaren Oban, shirin da Tarayyar Turai ke tallafawa ya tsaya bayan ta dakatar da taimakonta ga Nijeriya a ƙarshen 1995, sakamakon rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa. Dokar hani kuwa ba ta tsaya ba. Giwa ta shiga gona ta cinye ayabar shekara, mai gonar ba shi da ikon taɓa ta, ba shi da mai biyansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko da a wuraren da kuɗin baƙi ke isa, igiya ce mai saurin tsinkewa. A 2020 annobar korona ta rufe filayen jiragen sama, gandayen Afirka da suka dogara da tikiti suka rasa abin biyan ma'aikata cikin 'yan makonni. Nijeriya ma ba ta buƙatar annoba: labarin satar mutum ɗaya a kan hanyar Kalaba zuwa Ikom, ko tashin kuɗin tikitin jirgi, ya isa ya bar ɗakunan masauki a rufe har ƙarshen rani. Itacen da ya ɗauki ƙarni yana girma ba zai jira kasuwar baƙi ta farfaɗo ba.

Duk wannan ba hujja ba ce ta zama a gida. Ɗan Nijeriya da ya san Dubai bai san Boki ba ya yi asara, kuma dajin da 'yan ƙasa ba su taɓa gani ba yana da sauƙin sayarwa a ɓoye. Akwai ma wuraren da kuɗin kwana ke zuwa inda aka ce. A gindin tsaunin Afi akwai sansanin da Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka kafa domin birin diril da cimfanzi da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu ajiye su a gida, aikin da suka fara a Kalaba a 1991. Bukkokin baƙi a wurin ƙari ne a kan aikin, abincin dabbobin kuma daga manoman ƙauyukan kewaye ake sayensa, wanda ya sa ya zama ciniki na kowace rana, ko da baƙo ko babu. Bambancin ke nan tsakanin aikin kare daji da ke karɓar baƙi da otal ɗin da ya ari sunan daji. Kuma rarrabe su ba wuya. Mai shirin biya yana da damar tambaya ƙasar da aka gina masaukin ta waye, da wace yarjejeniya aka karɓe ta, nawa ne daga kuɗin ɗaki ke shiga asusun ƙauye, wa ke riƙe da asusun, mutum nawa 'yan ƙauyen ke aiki a watan Yuli lokacin da babu baƙi, da kuma naman da ke cikin farfesun dare daga ina ya fito. Masaukin da ke da amsa zai ba da ita da lambobi. Wanda ba shi da ita zai sake nuna hoton hazo.

Gwamnati kuwa tambayoyinta sun fi nauyi, kuma babu wadda ta shafi gina sabon wurin shaƙatawa. Ƙauyukan da suka riƙe dajinsu kamar Ekuri suna buƙatar takardar da gwamna ba zai iya sokewa da sanarwa ɗaya a jarida ba, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, kuma da ita aka yi abin da aka yi a 2016. Manomin da aka hana faɗaɗa gona yana buƙatar a biya shi a hannu, kowace shekara. Mai gadin daji yana buƙatar albashi da kotun da ba za ta saki wanda ya kama ba kafin shi ya dawo gida.

Ma'aikacin bankin nan, a hanyarsa ta komawa ranar Lahadi, zai yi ta wuce manyan motoci ɗauke da falankai an lulluɓe su da tamfol. Ba duka Kalaba suka nufa ba. Hanyar da ta bi ta Ogoja ta shiga Binuwai ita ce ke kaiwa arewa, kuma katakon kurmin kudu, daga wannan jiha da wasunta, shi ne ke cika rumfunan Dei-Dei a Abuja da 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano. Da shi ake ɗora rufin gidajen da ake ginawa a sababbin unguwanni, da shi ake yin ƙofa da gadon amarya da kujerun falo. Alaƙar mai hali na arewa da kurmi ta fi ƙarfi a nan fiye da a kowane masauki, domin abin da zai kashe a rufin gida ɗaya ya ninka kuɗin hutunsa. A rumfar katako mai saye kan tambayi irin itacen, ya duba ko ya bushe, ya ƙwanƙwasa ya ji ko gara ta shige shi, ya yi ciniki a kan kowane falanki. Dajin da aka saro shi ba ya cikin tambayoyin, mai rumfar ma sau da yawa direba kawai ya sani, kuma babu takardar da ke biyo falankin daga kututture zuwa hannun kafinta.